Creedence Clearwater Revival: Shekara huɗu suna tashe, shekara hamsin ana rigima

Kamar yadda muka saba, ga shi a rubuce domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau Amurka za mu nufa, mu koma shekarun 1960, in kawo muku tarihin wata ƙungiyar makaɗa mai suna Creedence Clearwater Revival, wadda ake taƙaitawa da CCR. Na san da yawanku za su ce ba su taɓa jin sunan nan ba. Amma in dai kana kallon finafinan yaƙin Biyetnam, da wuya a ce muryarsu ba ta taɓa ratsa kunnenka ba. A fim ɗin Forrest Gump na 1994, kiɗan da ke tashi lokacin da jirgi mai saukar ungulu ke kai sojoji filin daga, nasu ne. Samari huɗu ne, biyu daga ciki uwa ɗaya uba ɗaya. Sun yi tashen da bai wuce shekara huɗu ba, sannan takarda ɗaya da suka sa wa hannu ta ci wa jagoransu fiye da shekara hamsin kafin ya mallaki waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa.

Kafin mu shiga, bari in ɗan yi shimfiɗa. Kiɗan da ake kira rock and roll ya kunno kai ne a shekarun 1950, kuma tushensa na wajen baƙaƙen fatar Amurka ne, musamman na kudancin ƙasar. Mutane irin su Chuck Berry, Little Richard, Fats Domino da Bo Diddley su ne suka share fagen, sannan Elvis Presley ya kai shi cikin gidajen fararen fata. Kayan aikin ba su da yawa: jita mai amfani da lantarki, jitar bes mai kaurin amo, ganguna, sai murya. Wannan kiɗa shi yaran da za mu yi magana a kansu suka taso suna ji a rediyo.

Garinsu El Cerrito ne, wani ƙaramin gari na ma'aikata a jihar Kalifoniya, kusa da San Faransisko. A can ne John Fogerty da Doug Clifford da Stu Cook, dukkansu haihuwar 1945, suka haɗu a ƙaramar sakandare. A 1959 suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Blue Velvets. John na kaɗa jita, Doug na kan ganguna, Stu kuma ya fara da fiyano kafin daga baya ya koma jitar bes. Wan John, wato Tom Fogerty, wanda aka haifa a 1941, ya riga su shiga harkar waƙa, don haka da ya shigo cikinsu shi ne ya zama mai rera waƙa, har aka riƙa kiran ƙungiyar da sunansa. Ku riƙe wannan a ranku, domin daga nan matsalar gidan ta samo asali: babban wa ne a gaba, ƙane na biye.

A 1964 suka shiga wani ƙaramin kamfanin faifai na San Faransisko mai suna Fantasy Records, wanda aka fi sani da kiɗan jaz. Abu na farko da kamfanin ya yi musu shi ne canza musu suna ba tare da ya tambaye su ba. Aka buga faifansu da sunan The Golliwogs, wanda sunan wata 'yar tsana ce da ake yi don izgili ga baƙar fata. Ba su so ba, amma ba su da bakin magana. Suka yi ta sakin waƙoƙi babu wadda ta yi wani tasiri. A cikin wannan lokaci ne muryar John ta buɗe, wata irin murya mai kaushi kamar ta dattijon da ya sha duniya, sai rera waƙa ya koma hannunsa a hankali, Tom ya koma kaɗa jitar rakiya.

A 1966 yaƙin Biyetnam ya yi zafi, gwamnati na ɗibar matasa aikin soja dole. Takarda ta iso wa John da Doug. John ya shiga rundunar sojan ƙasa ta ko-ta-kwana, Doug ya shiga ta masu tsaron gaɓar teku, don haka ba a kai su fagen fama ba. Amma John ya ɗanɗana zaman bariki, ya kuma ga irin 'ya'yan da ake ɗiba da irin waɗanda ake tsallakewa.

A 1967 wani ma'aikacin kamfanin Fantasy mai suna Saul Zaentz ya haɗa kai da wasu suka sayi kamfanin. Ya ce wa yaran zai ba su dama su yi cikakken kundin waƙoƙi, amma su canza suna. Sai suka haɗa kalmomi uku: ta farko daga sunan wani abokin Tom, ta biyu daga tallan wata giya da ke alfahari da ruwa garai-garai, ta uku kuma tana nufin farfaɗowa, wato sun sabunta alƙawari a tsakaninsu. A farkon 1968 suka sa hannu a sabon kwantiragi.

To a nan zan ɗan tsaya, don wannan takarda ita ce ƙashin bayan labarin. Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin ita kanta waƙar, wato baitocinta da karinta, wanda na marubuci ne. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda galibi kamfani ke riƙewa. Wanda ya mallaki na farko shi ke karɓar kuɗi duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko wani ya sake rera ta, kuma shi ke da ta cewa idan masu fim ko masu talla suna son amfani da ita. Kwantiragin 1968 ya miƙa wa ɓangaren Zaentz duka biyun, ga kason da ake biyan mawaƙan kaɗan, ga tulin waƙoƙin da aka wajabta musu kawowa. John ya sha faɗa cewa Zaentz ya yi musu alƙawarin za a yaga takardar a sake wata idan suka yi nasara. Nasara ta zo, takarda tana nan daram.

Kundinsu na farko ya fito a tsakiyar 1968. Waƙar da ta fito da su ita ce Suzie Q, tsohuwar waƙar Dale Hawkins ta 1957 da suka sabunta, ta kai mataki na 11 a jadawalin Billboard, wanda shi ne ma'aunin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. John ya tsorata kada su zama 'yan waƙa ɗaya a manta da su, sai ya ɗaura ɗamarar rubutu ba dare ba rana.

Shekarar 1969, lokacin da mu nan ake tsakiyar yaƙin basasa a Najeriya, ita ce shekararsu. Kundi uku suka saki a cikin wata goma sha ɗaya: Bayou Country a Janairu, Green River a Agusta, sai Willy and the Poor Boys a Nuwamba. Yau mawaƙi kan yi shekara biyu ko uku yana haɗa kundi ɗaya, ku auna ku gani.

Bari mu ɗauki manyan waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Proud Mary sunan jirgin ruwa ne a cikin waƙar, irin masu babbar ƙafar juyi da ke bin kogin Misisipi, kuma labarin mutum ne da ya bar wahalar aikin birni ya koma rayuwar bakin kogi. John ya ce ya rubuta ta ne ranar da takardar sallamarsa daga soja ta iso, murna ta cika shi ya shiga ɗaki ya ɗauki jita. Ta kai mataki na 2. A 1971 Ike da Tina Turner suka sake ta da nasu salon, ta kai mataki na 4, ta kuma ciyo musu kyautar Grammy. Bad Moon Rising kuwa kiɗanta na rawa ne, amma maganar da ke ciki ta bala'i ce da guguwa da girgizar ƙasa. Wani tsohon fim na 1941 mai suna The Devil and Daniel Webster ne ya ba shi tunanin. Ta kai mataki na 2 a Amurka, ta zo ta ɗaya a Ingila.

Abin mamakin shi ne, waƙoƙin nan cike suke da fadamun Luwiziyana da kogin Misisipi da rayuwar kudu, har mutane suka ɗauka 'yan can ne. Alhali lokacin da John ke rubuta su bai san yankin ba sai a faifai da fim da littafi. A ɗakinsa na Kalifoniya ya ƙirƙiri kudun da ke cikin kansa, aka kuma sa wa salon suna kiɗan fadama.

Sai Fortunate Son, wadda a ganina ita ce ta fi kowacce nauyi. Ma'anar sunan ita ce ɗan gata. A 1969 sojojin Amurka da ke Biyetnam sun haura dubu 500, kuma kafin a gama yaƙin fiye da dubu 58 daga cikinsu sun mutu. Tsarin ɗibar sojan yana ɗaga wa ɗaliban jami'a ƙafa, ga masu hanya suna samun takardar likita ko wani gurbi mai sauƙi, sai ya zama ɗan talaka ne ya fi zuwa daji. John ya ce abin da ya ƙara tunzura shi har da auren jikan tsohon shugaban ƙasa Eisenhower da 'yar Richard Nixon a ƙarshen 1968, inda ya kalle su ya ce irin waɗannan ba za a taɓa jefa su cikin wuta ba. Ya ce cikin minti ashirin ya rubuta ta. Waƙar ba ta zagi sojan da ke fagen fama ba, da shugabannin da ke tura 'ya'yan wasu suna ɓoye nasu take, shi ya sa sojojin kansu suka rungume ta. Daga baya Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin sautukan da ake adanawa don tarihin ƙasa.

A watan Agustan 1969 aka yi bikin Woodstock a wata gona a jihar Niyok, inda mutane kusan dubu 400 suka taru. CCR na cikin manyan da aka gayyata, amma ba su hau dandamali ba sai bayan tsakar dare, bayan ƙungiyar Grateful Dead ta ja lokaci, jama'a da yawa sun yi barci cikin taɓo. John bai gamsu da wasan ba, ya hana a sa su a fim ɗin bikin. Fim ɗin ya zagaye duniya ya ɗaukaka waɗanda ke ciki, su kuwa mutane da yawa ba su ma san sun je ba. Sai a 2019 aka saki cikakken wasan nasu.

A watan Afrilun 1970, watan da labarin rabuwar Beatles ya fito, CCR suka yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan, ana ta cewa su ne za su gaje kujerar. A Yuli suka saki Cosmo's Factory, sunan da ya fito daga laƙabin Doug da kuma siton da suke atisaye kullum a garin Berkeley kamar ma'aikatan masana'anta. Kundin ya yi mako tara a mataki na ɗaya. A cikinsa akwai Travelin' Band, Who'll Stop the Rain, Up Around the Bend, Run Through the Jungle da Lookin' Out My Back Door. Ga wani abin da masu lissafi ke yawan ambata: sau biyar waƙarsu na kaiwa mataki na 2 a jadawalin Billboard, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta ɗaya ba.

A waje ana tafi, a cikin gida kuwa wuta ce ke ci. John ne ke rubuta waƙa, shi ke rerawa, shi ke kaɗa babbar jita, shi ke tsara sauti a sutudiyo, har amshi ma shi yake naɗawa da muryarsa, kuma shi ne manaja. Sauran ukun suka ga sun zama 'yan rakiya a ƙungiyar da suka kafa tare tun suna yara. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Tom, babban wa da a da ake kiran ƙungiyar da sunansa. Shi kuma John hujjarsa ita ce shekara tara suka yi ana shawara tare ba a je ko'ina ba, sai da ya karɓi ragama aka ga haske. A ƙarshen 1970 suka saki Pendulum, wanda ke ɗauke da Have You Ever Seen the Rain. John ya ce da ƙungiyar yake a waƙar: ga kuɗi ga suna, amma kowa ransa a ɓace, kamar ruwa na zuba rana na haskawa. A farkon 1971 Tom ya fice.

Ukun da suka rage suka yi kundi na ƙarshe, Mardi Gras, a 1972, inda kowa ya rubuta nasa ya rera. Har yau ba su yarda da labari ɗaya ba a kan yadda aka yi. John ya ce su suka nemi a raba daidai ya ba su abin da suka nema. Stu da Doug suka ce tilasta musu ya yi, ya ce ko su yi ko ya tafi, sannan ya ƙi taimaka musu. Mai sharhi na mujallar Rolling Stone, Jon Landau, ya ce bai taɓa jin kundi mafi muni daga wata babbar ƙungiya ba. A watan Oktoban 1972 aka sanar da rushewar CCR.

Sai aka shiga babin kuɗi. An zuba wani kaso mai yawa na abin da suka samu a wani banki da ke tsibiran Bahamas mai suna Castle Bank, da sunan rage haraji. Bankin ya durƙushe, kuɗin suka bi ruwa, aka yi shekaru ana shari'a. Shi kuwa Zaentz ya shiga harkar fim da ƙarfinsa, ya shirya One Flew Over the Cuckoo's Nest a 1975, Amadeus a 1984, da The English Patient a 1996, kowanne ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim. A idon John, kura ce da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. A 1980, don ya kuɓuta daga sauran wajibcin kwantiragin, ya sallama kason da ake biyansa na cinikin faifan CCR. Ya kuma daina rera waƙoƙin a gaban jama'a, don kada ya ƙara wa Zaentz ko sisi.

A 1985 ya dawo da kundi nasa na kansa mai suna Centerfield, ya zo na ɗaya a Amurka. A ciki ya yi wa Zaentz habaici ƙarara, har ya sa wa wata waƙa suna mai kama da nasa, aka kai shi ƙara kan ɓata suna, dole ya canza sunan. Sannan kamfanin Fantasy ya shigar da ƙarar da ta shiga tarihi. Suka ce sabuwar waƙarsa The Old Man Down the Road satar fasaha ce daga Run Through the Jungle ta 1970. Wa ya rubuta ta 1970 ɗin? John. Amma tunda kamfani ke da haƙƙinta, a doka zai iya tuhumarsa da satar abin da ya fito daga kansa. A 1988, a wata kotu a San Faransisko, John ya shiga akwatin shaida da jitarsa, ya kaɗa waƙoƙin biyu, ya nuna wa masu taya alƙali yanke hukunci cewa salon hannunsa ne ɗaya, waƙoƙin kuwa daban suke. Suka ba shi gaskiya.

Bai tsaya nan ba. Ya kashe fiye da dala miliyan ɗaya a kan lauyoyi, ya nemi kamfanin ya biya shi, ƙananan kotuna suka ƙi. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma a 1994 alƙalai tara duka suka yanke cewa a shari'ar haƙƙin mallaka, ma'auni ɗaya za a yi wa mai ƙara da wanda ake ƙara wajen biyan kuɗin lauya. Har gobe lauyoyin Amurka na kafa hujja da wannan hukunci, kuma ya rage wa manyan kamfanoni ƙarfin tsoratar da masu fasaha da ƙarar da ba ta da tushe.

Abin da kotu ba ta iya gyarawa ba shi ne zumunci. Tom ya ci gaba da ɗasawa da Zaentz, John kuma ya ɗauki hakan cin amana. Tom ya kamu da cutar ƙanjamau ta hanyar ƙarin jini da aka yi masa lokacin tiyatar baya, ya rasu ranar 6 ga Satumba 1990 yana da shekara 48, ba tare da sun yi cikakken sulhu ba. A 1993 aka shigar da CCR zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Matar Tom ta zo da tokar gawarsa, da fatan a ga su huɗun a wuri ɗaya ko da sau ɗaya ne. John ya ƙi yin kiɗa da Stu da Doug, ya hau dandamali da Bruce Springsteen da Robbie Robertson, su kuwa suka fice daga zauren. A 1995 su biyun suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Creedence Clearwater Revisited, aka sake komawa kotu a kan sunan.

To yaya aka yi John ya dawo wa waƙoƙinsa? A 1987, a wani gidan rawa a Los Anjalis, Bob Dylan ya ce masa in bai rera Proud Mary ba duniya za ta ɗauka ta Tina Turner ce, sai ya rera. A shekarar ya kuma rera tsofaffin waƙoƙin a wani taron karrama tsofaffin sojojin Biyetnam. Amma ya ce abin da ya warware masa ƙullin zuciya shi ne ziyarar da ya kai Misisipi a 1990, inda ya tsaya a kabarin Robert Johnson, makaɗin bulus da ya rasu a 1938 yana da shekara 27 ba tare da ya ci moriyar waƙoƙinsa ba. Ya ce a nan ya gane ko wane ne ke riƙe da takardun, kowa ya san waƙoƙin na Johnson ne. Daga 1997 ya koma rera nasa a ko'ina.

A 2004 kamfanin Concord ya sayi Fantasy, ya maido masa da kasonsa na cinikin faifai. Zaentz ya rasu a 2014. Amma ikon waƙoƙin bai dawo ba tukuna, shi ya sa aka taɓa yanko farkon Fortunate Son aka yi tallan wandon jins da shi kamar waƙar kirarin ƙasa, kuma a 2020 sai da ya aika wa kwamitin yaƙin neman zaɓen Donald Trump takardar gargaɗi kan sa ta a tarukansu. A watan Janairun 2023, yana da shekara 77, John Fogerty ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin waƙoƙinsa daga Concord. Shekara 55 ke nan bayan sa hannun farko, kuma da kuɗinsa ya saya, a lokacin da tsararrakinsa irin su Dylan da Springsteen ke sayar da nasu.

Ni dai in kun tambaye ni, ba na ganin John a matsayin wanda aka zalunta kawai. An cuce shi a takarda, wannan babu shakka. Amma shi ma ya riƙe abokan yarintarsa da wansa da hannun ƙarfe, kuma fushin da ya yi da mutum ɗaya ya bari ya cinye masa ɗan'uwa. Ga masu waƙa da masu rubutu da ke bin wannan shiri kuma, duk wanda ya miƙo muku takarda ya ce ku sa hannu za a gyara daga baya, ku nemi lauyan da ba nasa ba ya karanta muku, ku kuma tambaya ƙarara: wa zai mallaki waƙar, kuma har tsawon shekara nawa?

Wanda ke son ya ɗanɗana kiɗan nasu, ya nemi kundin Chronicle na 1976, wanda ya tattara manyan waƙoƙinsu ashirin. Ku faɗa mini ra'ayinku: da kai ne Tom, za ka haƙura ka zauna a bayan ƙaninka tunda shi ke kawo nasara, ko kai ma ficewa za ka yi?